Malam Hayatu Ɗan Sa'idu, Jikan Bello Da Ya Jingina Da Rabe

A cikin jikokin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kaɗan ne labarinsu ya kai na Malam Hayatu ɗan Sa'idu ban tausayi. An haife shi a Sakkwato wajen shekarar 1840, a gidan ilmi da sarauta, ya kuwa rasu a farkon shekarar 1898 a dajin ƙasar Dikwa, a hannun ɗan'uwan matarsa. Tsakanin haihuwar nan da rasuwar nan ya kafa gari, ya tara jama'a, ya karya rundunar Lamiɗon Adamawa, ya kuma sa hannu wajen rushe Kukawa. Amma babban al'amarin rayuwarsa lissafi guda ne da ya yi ana tsakiyar yaƙi, watau ya kintata cewa abokin ƙawancensa Rabe, in ya gama da Barno, zai juya yamma ya buɗe masa hanyar Sakkwato. A kan wannan tsinkaya ya ɗora jama'arsa da mutuncinsa da ransa.

Mahaifinsa, Sa'idu ɗan Bello, malami ne sananne, saboda haka Hayatu ya tashi cikin littattafai, a zamanin da waɗanda suka ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da idonsu ba su ƙare ba tukuna. Ya sami shiga a fada zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866. Daga baya ya riƙe ribaɗin Gandi, gabas da Sakkwato, amma zaman bai yi daɗi ba. Mutanen garin suka tayar masa, aka raba shi da riƙon, ya komo gida. Sa'an nan a cikin 1877, da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ya rasu, masu zaɓe suka tsallake Sa'idu suka naɗa ɗan'uwansa Mu'azu. Ba a fi shekara guda da wannan ba Hayatu ya yi sallama da Sakkwato ya nufi gabas, bai kuwa sake ganinta ba.

Wanda zai fahimci wannan tafiya sai ya san matsayin gabas a zukatan mutanen wancan zamani. Shehu da kansa ya musanta cewa shi ne Mahadi, amma ya yi rubutu a kan bayyanarsa, jama'a kuma suka riƙe cewa wata rana za a yi ƙaura zuwa wajen kogin Nilu a tarye shi. Muhammadu Bello ya taɓa umurtar Modibbo Adama da ya riƙa aika mutane wajen Wadai da Darfur su sauraro labari. Ga shi kuma ƙarni na 13 na Hijira yana gab da cika, domin shekara ta 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882. Malamai da talakawa da yawa sun riga sun ɗaure kaya, har sai da Nana Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin ƙaura bai yi ba, a tsai da masu tafiya. Ashe Hayatu ba shi kaɗai ya kama wannan hanya ba, sai dai babu mai asali irin nasa a cikin matafiyan.

Ya sauka Yola zamanin Lamiɗo Sanda, aka karɓe shi da girmamawar da ta dace da jinin Shehu. Ya yi kamar shekara huɗu yana karantarwa, kyautar da yake samu kuwa yana juya ta zuwa dawaki. Wajen 1882 ya tashi ya yi arewa, ya zauna a Balda kusa da Bogo, a ƙasar Marwa, cikin Kamaru ta yau. Wurin yana bakin iyakar Adamawa ne, inda ikon Yola ya yi rauni, ga kuma ƙabilun da Fulani ba su gama rinjaya ba. Hayatu ya yi ta kai musu yaƙi yana samun nasara, ganima ta yawaita, mutane suka yi ta kwararowa, ƙauye ya zama gari.

Ana cikin haka labarin Muhammadu Ahmad ya iso daga Sudan. Wannan malami ya bayyana kansa Mahadi a cikin 1881, ya ci El Obeid a 1883, ya ci Hartum a watan Janairu na 1885. Hayatu ya aika masa da mubaya'a, shi kuma ya naɗa shi wakilinsa a kan dukan jama'ar Shehu Usmanu. Daga ran nan Hayatu ya daina ganin kansa ɗan sarkin da aka hana gado, ya koma ganin kansa shugaban da ya wajaba Sakkwato ta bi. Ya rubuta wa danginsa da sarakuna yana kiransu. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali da malamansa suka ƙi, suka ce alamun da Shehu ya ambata ba su cika a kan mutumin Sudan ba. Wanda ya amsa kiran da ƙarfi shi ne Malam Jibrilla Gaini, wanda ya kafa sansani a Burmi ta ƙasar Gwambe, ya zame wa sarakunan wannan yanki ƙaya.

Lamiɗo Sanda ya yi ta haƙuri da Hayatu saboda nauyin gidan da ya fito, amma Zubairu da ya gaje shi a 1890 ba mai irin wannan haƙuri ba ne. Ya ga arewacin ƙasarsa yana zamewa daga hannunsa, sai ya tara runduna ya tasam ma Balda. Aka gwabza, Hayatu ya rinjaye shi, Zubairu ya koma Yola da ƙyar. To, amma nasarar ta zo da hasara, domin an ƙone Balda a cikin yaƙin, sarakunan Fulani na kewaye kuma suka tsorata da baƙon nasu. Hayatu ya ga iyakar abin da dawaki da masu za su iya yi masa. Yana iya kare kansa, amma ba ya iya cin Yola, balle Bauci da Kano da Sakkwato. Abin da ya rasa shi ne bindiga da horarrun mayaƙa, a lokacin kuwa mutum guda ne yake da su a duk kewayen Tafkin Cadi.

Rabe ɗan Fadlallah mutumin wajen Hartum ne, tsaran Hayatu a shekaru. Ya yi aikin soja, sa'an nan ya shiga hidimar Zubairu Basha, babban mai fataucin bayi da hauren giwa a Bahar Gazal, yana cikin jarumawan da suka ci masa Darfur a 1874. Da hukumar Masar ta tsare Zubairu Basha a Alƙahira, ɗansa Sulaimanu ya yi tawaye, aka karya shi. Sulaimanu ya ba da kai a 1879 bisa zaton za a bar shi da rai, aka harbe shi. Rabe ya ƙi ba da kai, ya ɗebi 'yan ɗaruruwan mayaƙa ya faɗa daji ya yi yamma. Wannan abu da ya gani da idonsa bai taɓa barin zuciyarsa ba. Shekara goma sha huɗu ya yi yana yawo tsakanin ƙasar Banda da Dar Kuti da kudancin Wadai, yana kama bayi, yana sayar da waɗansu ya sayi bindiga da albarushi, yana mai da waɗansu mayaƙa. A 1891 mutanen Sanusi na Dar Kuti, wanda Rabe ya ɗora a kan mulki, suka kashe Bafaranshe Paul Crampel, bindigogin zamani da ya zo da su kuma suka faɗa hannun Rabe. Daga nan ya afka wa Bagarmi, ya kewaye Sarki Gauranga a Manjafa.

Abin da ya ja hankalin Hayatu shi ne Rabe ya karɓi Mahadiyya. Mayaƙansa suna sanye da jibba mai faci irin ta Ansaru, suna ɗauke da tuta, suna karanta ratibin Mahadi. Sun yi shekaru suna musayar wasiƙu, har dai bayan ƙonewar Balda Hayatu ya kwashi jama'arsa ya ƙetara wurinsa a gefen kogin Shari. Aka ƙulla abin da aure, Rabe ya ba shi 'yarsa Hauwa. Fahimtar da aka yi, yadda masana tarihi suka rawaito, ita ce su haɗu su ci Barno, sa'an nan Rabe ya taimake shi a kan Sakkwato.

A nan ya kamata a tsaya a duba lissafin da kyau, domin ba lissafin wawa ba ne. Sanin niyyar abokin gaba aiki ne mai wuya, amma sanin inda abokin ƙawance zai sa gaba bayan an ci nasara ya fi shi wuya, saboda muddin ana yaƙi bukatarku ɗaya ce, sai an gama take rabuwa. Manyan dauloli ma da suke da ofisoshin jakadanci da ma'aikata sun sha wannan wahala. A cikin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, George Kennan ya rubuto daga ofishin jakadancin Amurka a Mosko yana bayyana abin da Rasha za ta nema a gabashin Turai in an gama da Jamus, a shekarar nan kuma Ivan Maisky ya rubuta wa hukumar Rasha nasa hangen game da Amurka da Ingila. Dukansu biyu sun gina maganarsu ne a kan tarihin abokin, da yanayin ƙasarsa, da abin da yake tsoro. Hayatu ba shi da ofishi, sai wasiƙu da bakin matafiya, amma tambayar da ke gabansa ita ce wannan.

Rabin amsarsa ya fita daidai. Ya gane cewa Barno ta ruɓe daga ciki, cewa Shehu Hashimi ba mayaƙi ba ne, fadarsa kuma ta rarrabu. Ya gane cewa dubban mahaya ba za su tsaya gaban 'yan dubban bindigogi masu horo ba. Ya kuma gane abin da shi kansa yake da shi na sayarwa, watau suna. Rabe baƙo ne, ba shi da asalin sarauta ko na malanta, kuma yaƙar daular Musulmi mai daɗaɗɗen tarihi kamar Barno yana bukatar hujja. Tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu, wakilin Mahadi, in ya tsaya a gefen tuta, ya wadatar da wannan hujja.

Inda lissafin ya karkace shi ne wajen auna abin da yake motsa Rabe. Hayatu ya dubi jibba da tuta, ya ɗauka cewa wanda ya bi Mahadi lalle ya bi wakilin Mahadi. Alhali kuwa akwai shaida a fili tun kafin su haɗu. An kira Rabe zuwa Umdurman, tun Mahadi yana da rai, aka kuma sake kiransa zamanin Halifa Abdullahi, bai taɓa zuwa ba. Ya karɓi alamun, ya ƙi karɓar umurni. Mutumin da ya ƙi amsa kiran mai tutar, da wuya ya sa wuyansa a ƙarƙashin wakili. Haka kuma duk wanda ya bi sawunsa tun 1879 zai ga cewa bai taɓa yin yaƙi don ya ɗora wani a bisa kansa ba. Sanusi na Dar Kuti da ya naɗa, yaronsa ne mai kawo gaisuwa. Bukatar Rabe a kullum guda uku ce: ƙasar da za ta ciyar da rundunarsa, hanyar da albarushi zai iso masa, da nisa daga duk wani mai ƙarfin da zai yi masa abin da aka yi wa Sulaimanu. Barno ta biya masa ta farko. Sakkwato kuwa tana can tafiyar watanni, bayan garuruwa masu ganuwa, ba ta ƙare shi da kome a cikin sauran biyun, in ma an ci ta wani ne zai hau.

Sai dai a yi wa Hayatu adalci. Bayan ƙonewar Balda zaɓinsa ya ƙuntata ƙwarai. Yola ta zama abokiyar gaba, Sakkwato ta rufe masa ƙofa, Umdurman ta yi nisa, Wadai kuma ta tare hanya. Mai neman mafita yakan gaskata abin da yake so ya zama gaskiya, mai ilmi ma bai tsira daga wannan ba.

A cikin 1893 suka shiga Barno. Rundunar farko da Shehu Hashimi ya tura, a ƙarƙashin Mamman Tahir, ta karye a Amja. Ta biyu, wadda Shehun ya fita da ita da kansa, ta karye a Lekarawa. Hashimi ya gudu ya bar Kukawa, aka washe birnin aka ƙone shi. Ɗan ɗan'uwansa Kiyari ya sa aka kashe shi ya karɓi sarauta, ya tara sauran jama'a ya tari Rabe a Gashegar, a bakin kogin Yobe, ya kusa cin nasara, amma daga ƙarshe aka kama shi aka kashe. Rabe bai zauna a kangon Kukawa ba, ya zaɓi Dikwa, kudu da tafki. Zaɓen nan kansa magana ne ga mai lura, gama Dikwa tana duban Shari da Bagarmi da Mandara ne, ba ta duban Kano.

In da Rabe yana da niyyar cika alkawari, to, babu lokacin da ya fi wannan dacewa. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka fice zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu, Basasa ta tashi. Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, ba a gama da Tukur ba sai a 1895. Watau shekara biyu ƙasar da ta fi kowace arziki da yawan jama'a a daular Sakkwato tana cin kanta, sarakuna da dama kuma zuciyarsu ta yi sanyi da Sarkin Musulmi. Rabe bai motsa ba. Yana can yana gina ganuwa da fada a Dikwa, yana raba ƙasar Barno ga shugabannin tutocinsa, yana tsara haraji, yana kuma kashe wutar tawaye irin na Malam Abu Gantar. Aikin mai shirin zama yake yi.

Abin mamaki, Sakkwato ta yi irin tsinkayar da Hayatu ya yi, ita ma ta ɗauka Rabe yana tafe. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umurci sarakunan gabas su yanke ciniki da shi, musamman na makamai. Wadai ta toshe gabas. Shugabannin Sanusiyya, waɗanda zawiyoyinsu suke kan hanyoyin Sahara, ba su yarda da shi ba, ayarin Tarabulus kuma ya ja baya daga Barno. Talaka ya ji wannan a jikinsa. Fataken da suka saba fita Kano ta arewa maso gabas, su bi ta wajen Gezawa da Gumel su kai tufafi Barno su komo da kanwa da dawaki, sai hanya ta mutu musu, masaƙa da marina na ƙauyukan Kano kuma suka rasa babbar kasuwa. Ga Rabe kuwa, toshewar nan ta sa neman albarushi ya zama babban abin da ke gabansa, har ya nemi hanyar ciniki da Kamfanin Neja na Ingilishi a bakin Binuwai. Rundunar da ƙarfinta duka yake cikin bindiga ba ta tafiya yaƙi mai nisa da ƙarancin albarushi. Ta haka tsoron da Sakkwato ta ji ya taimaka wajen hana abin da take tsoro.

Akwai kuma abin da babu ɗaya daga cikinsu da ya auna shi sosai. Tun a watan Agusta na 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Cadi. A 1893 Ingila da Jamus suka yi tasu yarjejeniya, a 1894 Jamus da Faransa suka yi tasu. Ƙasar da Rabe da Hayatu suke zubar da jini a kanta an riga an raba ta uku a Turai, Dikwa ma ta faɗa rabon Jamus. Bafaranshe Monteil ya bi ta Sakkwato da Kano ya sauka Kukawa a 1892, shekara guda kafin faɗuwarta. Rabe, da yake ya taɓa karawa da sojan da Bature yake jagoranta, ya fi Hayatu sanin abin da irin waɗannan baƙi suke nufi.

Zaman Hayatu a Dikwa zaman girmamawa ne marar iko. Surukin mai gari ne, malami ne, ana ba shi wurin zama a majalisa, amma ba shi da runduna, ba shi da ƙasa, ba shi kuma da izinin tafiya. Ga shi yana ganin yadda ake tafiyar da mulki da bulala da kwace, abin da bai yi kama da adalcin da ya yi wa mutane alkawari da sunan Mahadi ba. Sunan da ya kawo an riga an ci amfaninsa ran da Kukawa ta faɗi. Bayan wannan, a idon Rabe, Hayatu ya zama abin tsaro, domin mutum ne da jama'a za su iya taruwa a bayansa in ya fita, ga kuma Malam Jibrilla da mayaƙansa a Burmi suna jiransa. Shekara huɗu ya yi a wannan hali.

An rawaito cewa a cikin 1897 Rabe ya fara shirin nufar Kano. Ko da hakan ya tabbata, da ƙarfinsa zai tafi, don kansa kuma. Amma a shekarar nan Emile Gentil ya gangaro kogin Shari da ƙaramin jirgin ruwa mai tururi, ya ƙulla yarjejeniyar kariya da Gauranga na Bagarmi a watan Oktoba, ya kuma isa Tafkin Cadi. Abin da Rabe ya daɗe yana gudu ya iso ƙofar gidansa ta baya. Daga nan hankalinsa duka ya koma gabas da kudu, maganar yamma ta mutu.

Hayatu ya fahimci cewa jira ya ƙare. Ya aika wa Malam Jibrilla a asirce, shi kuma ya turo mahaya su rako shi. A farkon 1898, Rabe ba ya gari, ɗansa Fadlallah ne yake riƙe da Dikwa, Hayatu ya fita da iyalinsa da almajiransa. Fadlallah ya bi su da bindigogi ya cim musu. Aka yi faɗa, aka kashe Hayatu da yawancin waɗanda suke tare da shi. Yana da shekara kamar hamsin da takwas. A watan Satumba na shekarar nan rundunar Kitchener ta karya Ansaru a Umdurman, daular da ya yi wa wakilci ita ma ta faɗi.

Shekarar ta 1898 ta ga wani mai irin wannan lissafi a Damagaram. Sarki Amadu Kuran Daga, wanda faɗuwar Kukawa ta sake masa mara har yake kai hari cikin ƙasar Kano, ya karɓi baƙuncin Kyaftin Cazemajou, Bafaranshen da yake kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe. Sarkin ya ji tsoron kada Faransa da Rabe su haɗa kai a kansa, aka kashe baƙon a watan Mayu. Haɗin kan da ya ji wa tsoro bai taɓa yiwuwa ba, amma kisan ya jawo masa Faransawa, suka ci Zindar a watan Yuli na 1899.

Rabe ya kashe Bretonnet da mutanensa a Togbao a watan Yuli na 1899, ya kara da Gentil a Kuno a watan Oktoba. Sa'an nan rundunonin Faransa uku suka haɗu a kansa, ɗaya daga Kwango, ɗaya daga Aljeriya ta Sahara, ɗaya daga yamma ta Zindar. Ran 22 ga Afrilu, 1900, aka yi yaƙin Kusuri, aka kashe Rabe, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. Garin da suka kafa a ƙetaren kogi suka sa masa sunan Lamy, shi ne Njamena ta yau.

Fadlallah ya tsere da sauran runduna zuwa yammacin Barno, cikin rabon Ingila. Shi ma sai ya shiga irin lissafin da ya ci mijin 'yar'uwarsa. Ya nemi Ingilishi su amince da shi a matsayin mai mulkin Barno a ƙarƙashinsu, har wani hafsansu, Manjo McClintock, ya ziyarce shi a 1901 ya koma da kyakkyawan rahoto. Fadlallah ya zauna a Gujba yana jiran amsa, bisa zaton Faransawa ba za su ƙetare iyakar Ingila ba, Ingilishi kuma ba za su bari a taɓa shi ba. Kafin amsa ta zo, Faransawa suka ƙetaro suka kashe shi a watan Agusta na 1901. Ingilishi suka yi ƙorafi, sa'an nan suka ɗauko Shehu Abubakar Garbai daga zuriyar El-Kanemi suka ba shi Barno.

Sauran waɗanda labarin ya shafa ba su daɗe ba. Ingilishi suka ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya gudu arewa, ya kara da Jamusawa a Marwa a 1902, a cikin mutanen da a da ya yaƙa saboda Mahadiyya, aka kashe shi a 1903. Malam Jibrilla an kama shi a 1902 aka kai shi Lakwaja. Burmi kuwa, inda Hayatu ya nufa bai kai ba, nan Sarkin Musulmi Attahiru ya tsaya a kan hanyarsa ta ƙaura zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato, nan kuma aka kashe shi ran 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan jama'a. Hanyar da Sakkwato ta hana mutane bi shekara ashirin da suka wuce, ita Sarkin Musulmi da kansa ya bi.

Hayatu ya bar ɗa ƙarami mai sunan kakansa, Sa'idu. Da ya girma ya zauna a Dumbulwa ta ƙasar Fika, mabiya Mahadiyya suka taru gare shi, har yawansu ya tsorata hukumar Turawa. Aka kama shi a 1923 aka kai shi Buea ta Kamaru, daga baya aka mai da shi Kano, ba a ɗage masa takunkumi ba sai a 1959, ana gab da samun mulkin kai. Shaihu Sa'idu ɗan Hayatu ya ci gaba da zama a Kano yana karantarwa har ya rasu a 1978.